Dakta Georg Ganter, Likitan da Ya Ƙi Rufe wa Yahudawa Ƙofa

 Yau ƙasar Jamus za mu leƙa, mu ɗauko labarin wani likita mai suna Georg Ganter, wanda ya rasu tun cikin shekarar 1940. A wajen likitocin ƙoda na duniya sunansa sananne ne, domin shi ne ya fara gwada wanke jinin ɗan Adam ta hanyar zuba masa ruwa a ciki, abin da yanzu ake kira wankin ƙoda ta ciki. A yau kimanin mutum ɗaya cikin goma na masu wankin ƙoda a duniya da wannan dabara suke rayuwa.

Amma fa ba ilminsa kaɗai ya sa muka zaɓe shi ba. Mutumin nan ya yi zamani da wata gwamnati wadda ta kasa 'yan Adam kashi biyu, waɗanda suka isa a kula da su da waɗanda ba su isa ba, ta kuma nemi likitoci su bi wannan rabo. Shi kuwa ya ƙi. Abin da ƙin nan ya jawo masa za mu gani nan gaba. Za mu kuma bi sawun dabarar tasa bayan rasuwarsa, mu ga yadda maganin kashe ƙwayoyin cuta ya zo ya cike giɓin da ya bari, da yadda maganin ke tafiya a jikin mai wankin ƙoda, domin ilmi ne da zai iya ceton ran wani namu.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Georg Ganter ranar 18 ga watan Afrilu na shekarar 1885, a wani ƙauye mai suna Unter-Schönmattenwag, cikin duwatsun Odenwald. Ya yi karatun likita a jami'o'in Freiburg da Munik. Da ya gama, bai tsaya ga duba marasa lafiya kaɗai ba, sai ya shiga ɗakin bincike a Freiburg, inda ake nazarin yadda gaɓoɓin jiki ke aiki. A shekarar 1912, yana ɗan shekara 27, shi da wani abokin aikinsa mai suna Zahn suka buga sakamakon gwajin da suka yi a kan zuciyar dabbobi. Sukan ɗumama wani ɗan wuri a jikin zuciya ko su sanyaya shi, su ga ko bugunta zai ƙaru ko zai ragu. Da haka suka taimaka wajen tabbatar da wurin da bugun zuciya ke tasowa, wato wani ɗan gurbi a saman ɓangarenta na dama.

Daga nan sai ya koma fannin cututtukan cikin jiki. Ya yi aiki a jami'ar Greifswald, can arewa a bakin tekun Baltik, ƙarƙashin Farfesa Paul Morawitz, wani shaihun malami da ya yi suna wajen bayyana yadda jini ke daskarewa. A shekarar 1918, shekarar da Yaƙin Duniya na Farko ya ƙare, Ganter ya sami izinin koyarwa a jami'a. Da maigidansa ya koma jami'ar Wurzburg a 1921, sai shi ma ya bi shi can.

Ciwon da ya gagari likitoci

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu faɗi aikin ƙoda a taƙaice. Ƙodojin nan biyu da Allah ya sa mana suna tace ruwan jini kimanin lita 180 kowace rana, su mayar da mai amfani cikin jini, su fitar da dattin a fitsari kimanin lita ɗaya da rabi. In suka tsaya, dattin ya taru ke nan. Mutum ya kama amai da shaƙuwa da ƙaiƙayi, jiki ya kumbura, numfashi ya riƙa warin fitsari, daga nan sai barci mai nauyi, sai suma, sai rai ya yi halinsa. A zamanin Ganter babu abin da likita ke iya yi wa irin wannan majinyaci, ban da a sa shi gumi, a ba shi maganin wanke ciki, a zauna ana kallonsa.

Masana sun riga sun fara neman mafita. A 1913 wasu masu bincike uku a Baltimore ta Amurka, Abel da Rowntree da Turner, suka fitar da jinin dabba ta cikin wasu siraran bututai da ke jiƙe a ruwan gishiri, dattin ya riƙa tsallakawa cikin ruwan, jinin ya koma jiki. A Jamus kuma Georg Haas na garin Giessen ya bi wannan hanya, har a 1924 ya gwada ta a kan mutum na tsawon minti 15. Wannan shi ne asalin injin wankin ƙoda da muka sani a asibitocinmu.

Ganter bai gamsu da hanyar ba tun tana matakin gwajin dabbobi. Ya ga sai an yi fiɗa an buɗe manyan jijiyoyi, ga bututan da saurin fashewa, ga kuma maganin hana jini daskarewa, wanda daga jikin matsattsaku ake samo shi a lokacin, yana da dafi. Sai ya yi tunanin cewa ai tun fil azal akwai matata a cikin jikin mutum. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗar rago ya ga wani siririn tantani mai sheƙi da ya lulluɓe hanji da bangon ciki. Ɗan Adam ma yana da shi. In da za a shimfiɗa shi, faɗinsa zai kai murabba'in mita ɗaya zuwa biyu, kuma cike yake da ƙananan jijiyoyin jini. Tun a 1877 wani Bajamushe mai suna Wegner ya nuna a jikin zomaye cewa ruwa da gishiri suna ratsa tantanin nan.

Gwajin shekarar 1923

Abin da ya fara jawo hankalin Ganter ya faru ne tun a Greifswald cikin 1918. An kawo masa wani mutum da ƙodarsa ta gaza, ruwa kuma ya taru masa a ƙirji. Ya zuƙe ruwan, ya mayar da ruwan gishiri mai tsabta a gurbinsa, sai ya ga mutumin ya sami sauƙi na ɗan lokaci. Bai manta da wannan ba.

A Wurzburg sai ya ɗauki zomaye da ɓerayen masar, ya ɗaure musu hanyoyin da fitsari ke bi daga ƙoda zuwa mafitsara, har dattin ya taru a jininsu suka galabaita. Sa'an nan ya zuba musu ruwan gishiri a ciki da allura, ya bar shi na 'yan awoyi, ya zuƙe, ya sake zuba sabo. Dabbobin suka farfaɗo, awon jini kuma ya nuna dattin ya ragu. Dalilin ba mai wuyar ganewa ba ne. In ka ƙulle tsamiya a tsumma ka jefa cikin ƙwaryar ruwa, tsamin zai riƙa fitowa ta ƙofofin tsumman har ruwan ya ɗauka. In ka zubar ka sa sabon ruwa, ya sake ɗauka. Haka dattin jini ke barin inda ya yi yawa ya koma inda babu shi.

Daga nan ya gwada a kan wata mata da sankarar mahaifa ta toshe mata hanyoyin fitsari. Ya zuba mata ruwan gishiri lita ɗaya da rabi. Ta sami sauƙi na ɗan lokaci, amma daga baya ta rasu. Ya kuma gwada a kan wani majinyaci da ciwon sukari ya sumar. Ko da yake mutanen da ya gwada wa ba su da yawa, kuma sau ɗaya ɗaya ya zuba musu ruwan, ya tabbata a ransa cewa hanyar za ta yi amfani. Ya rubuta bayaninta a mujallar likitoci ta mako-mako da ake bugawa a Munik cikin 1923, ya roƙi 'yan'uwansa likitoci su gwada. Yana da shekara 38 a lokacin.

Shekara ce mai tsanani ga Jamusawa. Kuɗinsu ya lalace har ana sayen burodi ɗaya da biliyoyin mak. A irin wannan hali, dabarar da ba ta bukatar kome sai allura da tafasasshen ruwan gishiri ba ƙaramin abu ba ce. A watan Nuwamba na shekarar nan kuma, a birnin Munik ɗin dai, wani tsohon soja mai suna Adolf Hitler ya yi yunƙurin juyin mulki bai yi nasara ba, aka ɗaure shi. Mutane da yawa suka ɗauka maganarsa ta ƙare ke nan.

Rostock da zuwan 'yan Nazi

A shekarar 1926 aka naɗa Ganter farfesa a jami'ar Rostock, tsohuwar jami'a da aka kafa tun 1419 a wani gari mai tashar jiragen ruwa. Aka ba shi shugabancin sashen asibiti, yana koyar da ɗalibai yana duba marasa lafiya. Ya kai inda kowane likita ke fatan kaiwa, ga matsayi, ga albashi, ga girma a gari.

Ranar 30 ga Janairu 1933 Hitler ya hau mulki. Ranar 1 ga Afrilu aka sa 'yan bangar jam'iyya suka tsaya a ƙofofin kantunan Yahudawa da ofisoshin likitocinsu da lauyoyinsu, suna hana mutane shiga. Bayan kwana shida aka yi dokar korar Yahudawa daga aikin gwamnati, har da jami'o'i. A watan Satumba 1935 aka kafa dokokin Nuremberg, waɗanda suka raba Yahudawa da cikakken 'yancin ɗan ƙasa, suka haramta aure tsakaninsu da sauran Jamusawa. Abin baƙin ciki shi ne, likitoci ba a baya suka tsaya ba. Kusan rabin likitocin Jamus sun shiga jam'iyyar Nazi. Wasu tsoro ya kai su, wasu kuwa kujerun da aka kori Yahudawa daga kai suke hange.

Ganter bai canza halinsa ba. Bayahude in ya zo da ciwo, ya duba shi, ya kwantar da shi in ta kama, kamar kowa. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. A 1935, wani likita da ke aiki a ƙarƙashinsa ya kai ƙararsa cewa yana jinyar Yahudawa. Da aka nemi bayani, Ganter bai yi musu ba, bai kuma nemi gafara ba. Amsar da ya bayar a rubuce ita ce, shi likita ne, kuma yadda yake duba kowane ɗan Adam haka zai duba Bayahude.

Mu tsaya mu auna nauyin wannan amsa. Mutum ne ɗan shekara 50, ba Bayahude ba, babu wanda ya taɓa shi. Da ya so, sai ya ce kuskure ne, ya sa a riƙa sallamar mutanen nan tun daga bakin ƙofa ba tare da ya ga fuskokinsu ba, ya ci gaba da cin albashinsa. Haka da yawa suka yi, suna kuma zuwa sujada ran Lahadi. Daga ranar nan aka sa masa ido, aka lasafta shi cikin waɗanda gwamnati ba ta amince da su ba. A shekarar 1937 aka tilasta masa ritaya, aka raba shi da kujerarsa da ɗalibansa da asibitinsa, yana da shekara 52.

Ya kamata mu faɗi gaskiya game da ikkilisiya a wannan lokaci, ko da gaskiyar da ɗaci. Akwai waɗanda suka yi magana. A shekarar da aka kori Ganter, Fafaroma Pius na 11 ya aiko da wasiƙar da aka karanta a majami'un Katolika na Jamus ranar Lahadin Dabino, tana sukar bautar jinsi da ƙasa. A watan Yuli na shekarar aka kama Fasto Martin Niemöller, bai fito ba sai 1945. Amma akwai wata ƙungiya cikin Furotesta da ta rungumi Hitler, har tana neman a yar da Tsohon Alkawari domin littafin Yahudawa ne. Mafi yawan masu bi kuwa shiru suka yi.

Ƙarshen rayuwarsa

Ganter ya ci gaba da zama a Rostock, yana gani da idonsa abin na ƙara lalacewa. A 1938 aka soke lasisin dukan likitoci Yahudawa. A watan Nuwamba na shekarar aka ƙone majami'un Yahudawa a ko'ina cikin ƙasar, har da ta Rostock. Ranar 1 ga Satumba 1939 Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. Ranar 5 ga Mayu 1940, Georg Ganter ya kashe kansa. Shekarunsa 55.

Ba za mu ɓoye wannan ba, ba kuma za mu yaba shi ba. Rai na Allah ne, ba namu ba ne da za mu ɗauke shi, kuma haka ikkilisiya take koyarwa. Amma hukunci ma na Allah ne, shi da ya san nauyin da kowace zuciya ke ɗauke da shi. Tambayar da ta fi dacewa da mu ita ce, ina abokan aikinsa suke cikin shekaru ukun nan, ina ɗaliban da ya koyar, ina maƙwabta? Wanda ya tsaya kan gaskiya aka ware shi, yana bukatar mai ƙwanƙwasa masa ƙofa. In muna da irinsa a unguwa ko a ikkilisiya, wanda aka kora daga aiki ya shiga ɗaki ya yi shiru, kada mu jira sai ranar jana'iza.

Abin da dabararsa ta rasa

Ganter ya mutu bai ga hanyarsa ta kafu ba. Babban abin da ya tare ta shi ne ƙwayoyin cuta. Cikin mutum wuri ne mai ɗumi, da zarar an huda shi an zuba ruwa, in ƙwayar cuta ta bi allura ta shiga, sai ta hayayyafa, tantanin ya kumbura ya yi mugunya, majinyaci ya mutu da wannan maimakon ciwon ƙodar. Wani bita da aka buga a 1950 ya iske mutum 101 kacal aka ba da rahoton an yi wa wannan wanki daga 1923 zuwa 1948.

Ikon Allah, kwana 20 bayan rasuwar Ganter, ranar 25 ga Mayu 1940, a jami'ar Oxford ta Ingila, Howard Florey da Ernst Chain da abokan aikinsu suka sa wa ɓeraye takwas mugunyar ƙwayar cuta, suka ba huɗu fenisilin, maganin da Alexander Fleming ya gano a 1928. Huɗun da ba a ba su ba suka mutu kafin gari ya waye, waɗanda aka ba suna raye. Chain ɗin nan kuwa Bayahude ne da ya gudo daga Jamus a 1933, wato ɗaya daga cikin mutanen da aka ce ba su isa a duba su ba.

A 1946 likitoci uku a Boston, Frank da Seligman da Fine, suka ba da labarin wani mutum da ƙodarsa ta tsaya farat ɗaya, suka yi ta wanke cikinsa har mako guda, ƙodar ta farfaɗo ya tashi. A 1968 Henry Tenckhoff ya fito da bututun roba mai laushi da ke iya zama a ciki shekara da shekaru. A 1976 Popovich da Moncrief a Texas suka tsara yadda mutum zai yi wa kansa a gida. Ya zuba lita 2, ya tafi harkarsa, bayan awa huɗu zuwa shida ya juye ya sa sabo, sau huɗu ko biyar a rana. Ana sa sukarin gulukos a ruwan domin ya jawo rarar ruwan jiki, kamar yadda gishiri ke jawo ruwa daga yankakkiyar albasa. A 1978 aka koma jakunkunan leda a Toronto maimakon kwalabe, kamuwa da cuta ta ragu ƙwarai. Duk da haka, har gobe kumburin tantanin ciki shi ne babban abokin gaban mai wannan wanki.

Yadda magani ke tafiya a jikin mai wankin

Alamar farko ita ce ruwan da aka juye. Mai lafiya garau yake fitowa, har kana iya karanta rubutu ta cikin jakar. In ya fito da duhu-duhu kamar ruwan wankin shinkafa, ko da ciwon ciki ko babu, to asibiti ya kama a ranar, da jakar a hannu domin a auna. Likita ba ya jiran sakamako. Yakan fara da magani iri biyu, ɗaya domin ƙwayoyin da ke zaune a fatar mutum, kamar sefazolin ko bankomaisin, ɗaya kuma domin waɗanda ke fitowa daga hanji, kamar seftazidim ko jentamaisin.

To, a nan ne za mu ga hikimar da ke cikin tantanin nan. Ƙofar da datti ke fita ta ita magani ke shiga. Saboda haka galibi cikin jakar ruwan wankin ake zuba maganin, ya sauka kai tsaye inda cutar take da cikakken ƙarfinsa. Daga can ya ratsa tantanin ya shiga jini. Shi ya sa ruwan da ke ɗauke da magani sai ya zauna a ciki aƙalla awa 6 kafin a juye. In aka yi gaggawa, an zubar da magani ke nan. Bayan an sa sabon ruwa marar magani kuma, sai wanda ya taru a jini ya riƙa komowa cikin ruwan kaɗan kaɗan, ya ci gaba da aiki. Wannan ne ya sa sau ɗaya a rana ke isa ga magunguna da dama. Har ila yau, tantanin da ya kumbura ya fi mai lafiya barin abu ya wuce. Bankomaisin, alal misali, kimanin rabinsa ne ke shiga jini in tantani lafiya yake, amma in ya kumbura yakan kai kashi 90 cikin 100.

Sai batun fitar magani daga jiki. Yawancin magungunan nan ƙoda ce ke fitar da su. Mutanen Oxford sun ga haka tun a 1941, lokacin da fenisilin ya yi musu ƙaranci har suka riƙa tace shi daga fitsarin majinyaci suna sake yi masa allura da shi. To, wanda ƙodarsa ta tsaya fa? Lita 8 ko 10 na ruwan wanki ba za su yi aikin lita 180 ba. Don haka magani yakan daɗe. Bankomaisin da mai lafiyar ƙoda ke bukata sau biyu a rana, mai wankin ciki sau ɗaya ake sa masa cikin kwana 5 zuwa 7, ana kuma iya auna jini a ga nawa ya rage. Jentamaisin in ya taru yakan lalata kunnen ciki, mutum ya kurmance ko ya riƙa tangaɗi, saboda haka kaɗan ake sawa, ba a kuma daɗewa a kansa. Seftazidim da danginsa in suka yi yawa sukan ruɗa hankali har su kawo jijjiga. A ɗaya gefen kuma, wanda har yanzu yana ɗan yin fitsari yana zubar da magani fiye da wanda ba ya yi ko kaɗan, sai likita ya yi la'akari da haka kada maganin ya gaza.

Akwai wasu ƙananan abubuwa masu muhimmanci. Ba a haɗa jentamaisin da dangin fenisilin a jaka ɗaya, domin ɗaya yana kashe ƙarfin ɗaya. Wanda aka ba siprofloksasin na sha, kada ya haɗa shi lokaci guda da maganin ƙarin jini ko ƙwayoyin alli da masu ciwon ƙoda ke sha da abinci, domin suna kama shi a hanji su hana shi shiga jini. Jinyar takan ɗauki mako 2 zuwa 3, ko da ruwan ya washe tun a kwana na uku. In kwana 5 suka wuce ana ba da maganin da ya dace ruwan bai washe ba, akan duba yiwuwar cire bututun, domin ƙwayoyin cuta sukan yi wa kansu yauƙi a jikin roba inda magani ba ya cin su. In kuwa cutar irin ta fumfuna ce, cire shi ake yi nan da nan.

Abin da ya shafe mu

Wannan dabara ba ta tsaya a Turai ba. Sudan ta kafa shirinta na ƙasa a Khartum a 2005. A Nijeriya kuma, a wasu asibitocin koyarwa, da ita aka ceci yara da dama waɗanda ƙodarsu ta tsaya farat ɗaya saboda zazzaɓin cizon sauro ko gudawa ko cutar da ta shiga jini, domin ana iya yin ta da hannu ko babu wutar lantarki, kuma ta fi inji sauƙi a jikin jariri.

Roƙonmu na farko ga iyaye da 'yan zumunta mata masu zuwa gaisuwar marasa lafiya. Mai ciwon ƙoda ba ya shan magani da awon mai lafiya. Kada a kai shi kyamis a yi masa allurar jentamaisin, kada a kawo masa ragowar kafso na wani, kada a ba shi jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba. Mai wankin ciki kuma, a taimake shi da ruwa mai tsabta da sabulu da ɗaki marar ƙura, gama rigakafi ya fi magani.

Roƙo na biyu ga 'yan'uwanmu likitoci da nas-nas da masu ba da kati da masu gadin ƙofa. Luka, wanda shi kansa likita ne, ya rubuta mana misalin Basamariyen nan a sura ta 10 ta Bishararsa. Mutumin bai tambayi wanda ke kwance a hanya ƙabilarsa ko addininsa ba kafin ya ɗaure masa raunuka. A kan wannan tushe aka gina asibitocin mishan irin su Vom a Filato da Galmi a Jamhuriyar Nijar. Mun sani a garuruwanmu akwai ranakun da hankali ke tashi, a kawo masu rauni daga kowane ɓangare a kwantar da su ɗaki guda. A irin ranar nan ne akan san likita na gaskiya, Kirista ne ko Musulmi. Ganter an tambaye shi, ya ba da amsarsa a rubuce, ya kuma biya da duk abin da ya mallaka. Mu ma za a tambaye mu, ko a nan ko a gaban Mahaliccinmu.

Ubangiji ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙarfafa masu jinyarsu, ya ba mu zuciyar da ba ta rufe wa kowa ƙofa. Amin. Sai mun sake saduwa.